Shekarar da Aka Yi Roƙo da Sunan Malam

Akwai maganar da na daɗe ina jin tana yawo a bakinku, wani lokaci a cikin raha, wani lokaci da gaske, wai Baba Ummaru ya ci amanar mahaifinku. Ƙananan cikinku ko fuskarsa ba su sani ba, amma sun haddace laifinsa tsaf. Duk ranar da na ji, raina ɓaci yake yi, kuma kun san ni, ba na iya haɗiye abu ya zauna mini lafiya. A gabana aka yi komai, ni na dafa tuwon da ya riƙa kwana a kwano a waɗancan kwanaki. Don haka zan rubuta yadda abin ya faru, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai karanta ba.

A lokacin muna gidanmu na Gummi, Malam yana koyar da Larabci a makarantar sakandare, ni kuma ina fama da yaran firamare. Gidansu Malam gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma abu ɗaya suke tinƙaho da shi, ba sa roƙo. Kakanku ya rasu bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani ba ni ba, Malam kuwa ya gaji wannan hali har ya yi masa ƙari. Mutum ne da in gishiri ya ƙare, ya gwammace a ci miya lami da a aika maƙwabta. Ummaru kuma malamin asibiti ne a ƙaramin asibitin unguwarmu. Tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, shi ne abokin ango ranar da aka kawo ni. Doguwar dariya gare shi, kuma shi kaɗai ne a faɗin garin yake iya ce wa Malam ka yi kuskure ya kwana lafiya. Matarsa Hajo ta zama mini kamar 'yar uwa, ba ma cin abu mai daɗi ba mu aika wa juna ba.

Sai babban yayanku ya sami tafiya karatu Sudan. Kun dai san ba na kiran sunansa, ko a nan ma ba zan rubuta ba, ɗan fari ne. To, Malam ya fi ni wannan kunya nesa ba kusa ba. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake zaune, in ana yabonsa a zaure sai ya tashi ya ce zai yi alwala. Ranar tafiyar ma bai raka shi tasha ba, ya saɓa fartanya ya ce gona na jiransa. Da ya dawo da yamma na duba fartanyar, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Sai na ƙara masa miya.

Kafin yaron ya tashi, ya buɗe wa mahaifinsa akwatin imel a wani shagon intanet a Sakkwato, domin kiran waya zuwa waje a wancan zamani sai mai hali, ga shi sabis ɗin garinmu yana zuwa ne ranar da ya ga dama. Akwatin yana da kalmar sirri, wadda su ke kira faswod, da ita ake buɗe shi. Mutum biyu ya faɗa wa, mahaifinsa da Ummaru. Dalili kuwa, Ummaru yana zuwa Sakkwato duk ƙarshen mako ƙaro karatu, shi zai riƙa shiga shago ya buɗe, ya sa a buga saƙon a takarda ya kawo. Wannan tsari ya yi wa Malam daidai, don ba sai ya rubuta wa ɗansa da hannunsa ba. Ummaru zai shigo zaure ya ajiye takarda a gefen buzu, Malam ko kallonta ba zai yi ba.

"A kai ma mutanen ciki, su ad da damuwa da labari," haka yake cewa.

"To amsa hwa? Mi za ni ce mai?" in ji Ummaru.

"Ka ce ya riƙe salla. Kuma kak ka ce ni nac ce."

Ummaru sai ya kwashe da dariya ya ce ai yaron ya san muryar ubansa ko a bakin wa ta fito. Takardun nan in na gama karantawa nakan ajiye su a kan taga, kullum kuma sai in tarar an juya su ba yadda na bar su ba. A hankali akwatin ya zama hanyar da tsofaffin ɗaliban Malam da ke Kano da Zariya, da wasu malamansa na da, suke aiko masa gaisuwa.

Cikin damina ta biyu da tafiyar yaron, Ummaru ya dawo da takarda biyu, ya kuma ce a kira ni in ji. Ɗaya ta yayanku ce, yana cewa ya yi zazzaɓi amma ya ji sauƙi. Ɗayar da Turanci take, wai daga masu kula da akwatunan. Sun ce ma'ajiyarsu ta cika, suna rufe duk akwatin da ba a tabbatar da mai shi ba, don haka a aiko da suna da kalmar sirri da ranar haihuwa cikin gaggawa, in ba haka ba a rufe akwatin har abada da duk abin da ke ciki. Wannan karon Malam bai ce a kai wa mutanen ciki ba. Ya sa hannu ya ɗauka, ya karanta, ya sake karantawa.

"To ai sai a ba su. Hukumar abin ta tat tambaya," ya ce.

"Ba ni aikawa," in ji Ummaru. "Malam, duba da kyau. Ba su kira sunanka ba, ga shi ko sun ce suna riƙe da akwatinka. Adireshin da saƙon yaf hito irin na kowa na, awa nawa, awa naka. Kuma waɗanda sunka gina akwatin, mi za su yi da kalmar sirrinka? Komi na hannunsu. Ga gaggawa, yi maza, yi maza, kak ka tsaya shawara. Wata 'yar ajinmu ta amsa irin wagga takarda, har yau ba ta koma ganin cikin akwatinta ba."

"In kuma gaskiya ta, anka ruhe hwa?"

"Sai mu buɗe wani."

"Shi kuma wancan, ina za shi same mu?"

Wancan, haka yake kiran ɗansa. Ummaru ya ce zai sanar da shi tun da wuri, abu ne mai sauƙi. Malam ya ninke takardar ya ce shi ke nan, an bar maganar. Ni da na san shi, na ga ba a bar ta ba. Ku tuna a rana ɗaya ya ji labarin zazzaɓi da labarin rufe hanya. Ni ma da nake uwa na tsorata, sai dai ni ina da damar in yi kuka a madafa, in faɗa wa Hajo damuwata. Shi ba shi da inda zai kai tasa.

A tsakiyar makon ya ce mini an yi rasuwa a Nasarawa Burkullu, gidan wani tsohon abokin karatunsa, zai je ta'aziyya. Ya fita da sassafe, ya dawo bayan magariba a gajiye, ya ci tuwo da kyau har ya nemi ƙari. Na yi murna, na ce hankalinsa ya kwanta.

Ranar Asabar Ummaru ya shiga shago a Sakkwato, akwati ya ƙi buɗewa. Kafin ya iso gida da labarin, wayar Malam ta fara kuka. Na farko yayanku ne, yana tambaya wace ƙasa Baba ya je, wa ya tare shi. Daga nan ɗalibai, daga nan malamai. Ashe an aika wa duk wanda ke cikin akwatin saƙo da sunan Malam, wai ya yi tafiya waje, ɓarayi sun kwashe masa komai, yana kwance a masauki ba ci ba sha, don girman Allah a taimaka a turo abin da ya samu. Wani ɗalibinsa mai tausayi har ya riga ya tura. Wani tsohon malaminsa kuma ya yi masa faɗa a waya, ya ce in talauci ne ya kama shi ai sai ya zo da ƙafarsa, ba ya bi mutane da ƙarya ba. Ina tsaye na ga Malam ya zauna a ƙasa, ba buzu ba tabarma. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganinsa haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Inna, mahaifiyarsa, tana ɗakinta a cikin gidan, kunnenta kuwa ya fi na kowa. Ba ta san intanet ba, amma ta san roƙo, ta kuma san an yi shi da sunan gidan mijinta. Ta fito da sandarta.

"Wanga abu, da mi aka buɗe shi?" ta tambaya.

Na ce da wata kalma ce ta sirri, Inna.

"Wa as san ta?"

Na ce Malam da Ummaru.

"To shi Malam ya yi bara da sunan kainai? Magana ta ƙare."

Malam yana zaune yana ji, bai ɗaga kai ba. Kafin la'asar zancen ya fita gida, kafin sati ya zagayo ya cika gari. Mutanenmu a lokacin jin labarin 'yan damfarar kwamfuta suke yi a rediyo, ba su taɓa ganin ɗaya ba, sai ga shi an nuna musu mutum mai zuwa Sakkwato kowane mako yana shiga shagon kwamfuta. Aka ce dama karatun nan nasa akwai lauje cikin naɗi. Aka tuna ya sayi sabon babur. Mata suka fara ƙetare asibitinsa suna kai yara wani wuri, wai wanda ya ci amanar amininsa ba a ba shi hannun jariri. Ummaru ya zo zaurenmu, Inna ta aika a ce kada ya ƙara tako mata ƙofa, Malam kuma bai fito ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Ummaru bai kare kansa ba, mutumin da ko a kan farashin albasa sai ya yi gardama. Duk wanda ya tare shi da maganar sai ya ce Allah ya sani. Hajo ta daina aiko da kwano. Bayan kaka ya nemi canjin wurin aiki, aka mayar da shi Anka, suka kwashe kaya ba sallama.

Malam ya rame. Ya daina zama a zaure bayan la'asar, don ba wanda zai yi masa gardama. Na ɗauka baƙin cikin cin amana ne, har ina ba shi haƙuri, ko da yake a raina ban taɓa yarda Ummaru zai aikata ba.

Gaskiya ta shigo mini gida ne da ƙafarta. Wata mata daga gidan da aka yi rasuwar nan a Nasarawa Burkullu ta zo Gummi ganin likita, ta biyo mu gaisa. Muna shan fura na sake yi mata gaisuwar rashi, na ce Malam ya ba ni labarin taron. Ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce ai su har yanzu suna jiran Malam, mai gidan ma ya yi ƙorafi, ya ce ko ruwan sama ne ya ɓata hanya. Na shanye abin, na sallame ta da fara'a. Da Malam ya dawo daga makaranta na bar shi ya ci abinci, sannan na zauna a gabansa.

"Malam, ranar da kac ce ka tahi ta'aziyya, ina kat tahi?"

Ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce, "Gusau."

Ya zaɓi Gusau ne don kada ya haɗu da wanda ya san Ummaru. Ya shiga shagon intanet a karon farko a rayuwarsa, ya miƙa wa mai shagon takardar, ya ce a amsa musu, ya faɗi kalmar sirrin da bakinsa. Ya ce da ya fito ji ya yi kamar ya sauke buhu daga kai.

"To mi ah hana ka hwaɗi, kana kallo anka kori bawan Allah daga gari?"

"In ce mi? In tsaya gaban Inna da mutanen gari in ce na yi ƙaryar ta'aziyya, na hau mota har Gusau, don ina tsoron in daina jin labarin wancan? In ce Ummaru ya hana ni, nib bi ta bayanai?"

A nan na gane abin da ya ɗaure shi. Da a ce wani abu ne ya kai shi Gusau, da tuni ya faɗa. Kunyar a san ya damu da ɗan fari ce ta rufe masa baki ranar farko, rana ta biyu kuma kunyar shirun ranar farko ta hau kai, haka abin ya yi ta taruwa. Na tausaya masa, amma tausayin bai hana ni magana ba. Na ce ni ma uwar yaron ce, ni ma ba na kiran sunansa, amma wannan kunya ba ta kai a binne mutum da ransa ba. Na ce ya faɗa wa Inna da bakinsa, in kuwa ya ƙi, ni zan faɗa. Ya ce in na yi haka na tona masa asiri. Na ce na ji, zan ɗauka.

Ban ji daɗin makonnin da suka biyo baya ba. Ba ya yi mini magana sai ta dole, abinci ma sai ya ce a ajiye. Na sa wa kaina Juma'a, na ce in ta wuce zan shiga ɗakin Inna. Ranar Alhamis da hantsi sai na ga ya cire takalmi a ƙofarta. Ban ji abin da ya ce ba. Muryar Inna kawai na ji tana salati, sannan ta ce a nemo mata goro mai kyau a kai wa Ummaru, tunda ƙafarta ba ta iya mota. Washegari bayan an idar da sallar la'asar a masallacin unguwa, Malam ya miƙe ya ce jama'a su dakata. Waɗanda ke wurin sun ce bai ɓoye komai ba, har dalilin tafiyar ya faɗa, gumi na zuba masa kamar mai noma.

Tare muka je Anka. Gidan ma'aikatan asibiti ne, ɗaki biyu da baranda. Hajo ta gan ni ta juya baya, sannan ta juyo ta rungume ni muka yi ta kuka. Muka shiga ciki, mazan suka zauna a baranda, labule kawai ya raba mu, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji shi. Malam ya fara bayani tun daga tashar mota, Ummaru ya katse shi.

"Bari, Malam. Na sani."

"Wa ag gaya maka?"

"Ba kowa. Tun ranar da akwati yaƙ ƙi buɗewa nis sani. Mu biyu ɗai munka san kalmar, ni ko na san ba ni na ba."

"Kuma kay yi shiru? Anka zage ka, anka hana ka aiki, kab bar gari?"

"In na ce ba ni na ba, saura wa? Na ga in kai kab buɗe baki, gyara na. In ni nab buɗe, na kashe ka. Sai nac ce bari in jira ka." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka dai daɗe, Malam."

Ban ji amsar mahaifinku ba. Na ji dai Ummaru yana cewa ya isa, ya isa, mata na ji.

Sun ci gaba da zumunci har ƙarshen ransu, amma Ummaru bai dawo Gummi ba. Malam ya yi ta roƙonsa, kuma a sanina shi ne mutum ɗaya tak da mahaifinku ya taɓa roƙa a duniya. Ummaru ya ce ya yafe har zuciya, sai dai ba zai iya sake duba yaran matan da suka ƙetare ƙofarsa ba. A Anka ya yi ritaya, a can aka binne shi. Zargin da aka yi masa gari guda ya ji, wankewar kuwa sahu biyu na masallacin unguwa ne suka ji, cikinsu ma yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Ku kuma kun taso kun tsinci wanda ya fi yawo.

Kada wannan ya sa ku raina mahaifinku. Tsoron rasa ɗansa ne ya kai shi, kuma ya tsaya a gaban mutane ya faɗi abin da ya fi masa wuya. Amma Hajo tana nan da rai a Anka, idonta ya yi rauni, 'ya'yanta kuma sun girma suna jin abin da ake faɗa a kan ubansu. Na riga na tsufa da hawa mota. Ku shirya ku je, dukanku, har da yayanku, ku durƙusa ku gaishe ta, ku faɗa a gaban 'ya'yanta cewa kun san abin da Ummaru ya ɗauka saboda gidanmu.